Bayan Minti Sittin

Bodinga,
Litinin, 13 ga Nuwamba.

Zuwa ga Kawu Maniru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wagga takarda za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da duk mutanen Shagari. Yaya gwiwa, yaya kuma kunnen? Yayarka Inna tana gaishe ka, ta ce ka daina wasa da maganin da aka ba ka.

Dalilin da ya sa na koma takarda, jiya na kira ka a waya ina gaya maka an ci mu uku da ɗaya, kai kuma kana ta ce mini alhamdu lillahi, haka ake so. Na gane kunnen nan ya fi ƙarfin waya. Daga yau direban motar Shagari zai riƙa kawo maka labari a rubuce.

Kawu, Zaratan Bodinga da ka kafa da hannunka ba su da lafiya, ni ma saboda su ba ni da ita. Ka san bana masu shirya gasa sun matso da ita farkon Nuwamba, maimakon Janairu da muka saba. Wasa biyu muka buga, maki ɗaya muke da shi. Na farko a gida da Matasan Dingyadi, mun tafi hutun rabin lokaci da ci biyu da nema, har na fara tunanin zaren da zan ɗinka tutar kofi da shi. Aka dawo suka farke duka biyun. Na biyu a Dandin Mahe, mu muka fara ci, daga baya suka zuba mana uku kamar ba kowa a gida.

Sabon kocinmu Faruk ne, ɗan gidan tsohon hedimasta. Ya yi kwas a Sokoto ya dawo da ƙaramin allo da alli, da tsarin da ba mu taɓa gani ba sai a gidan kallo. Mutum uku a baya, huɗu a tsakiya, uku a gaba. Da zarar ƙwallo ta kuɓuce mana kowa ya ruga kan mai ita, ba a barin sa ya numfasa. Shi yana kiran abin matsi. 'Yan baya kuma ba sa zama kusa da gola, suna hawowa har tsakiyar fili. Wallahi Kawu, zagayen farko in ka gani sai ka yi hawaye don daɗi. Amma da an dawo, an ɗan jima, sai ka rantse wasu mutane aka sa wa jesinmu.

Majalisar magoya baya tana nan inda ka bar ta, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro a ƙofar shagona, don haka ɗinki nake yi kunnena na cika. Shugabanmu Alhaji Hassan, dillalin albasa, ya ce tsarin mutum uku a baya gida ne babu ƙyaure. Wasu sun ce gola ne ba ya fitowa. Wasu sun ce alƙalan wasa ba sa ƙaunar Bodinga tun dauri. Har akwai wanda ya rantse an binne mana wani abu a ragar gabas, aka je aka tona, aka samo tsohon takalmi.

Duk wannan bai hana ni barci ba. Abin da ya dame ni, an fara ambaton ƙanena Ashiru. Shi ne lamba biyar, shi ke tsakiyar mutum ukun nan. Cikin ƙwallaye biyar da aka ci mu, huɗu ta kansa aka ɗaga su, ya juya yana bin mutum kamar wanda aka ɗora wa buhu. Ashirun da ka koya wa tare mutum, wanda bara babu ɗan gaban da ya tsere masa a duk yankin nan! In na shigo magana sai a yi shiru, in na sunkuya kan keke sai a ci gaba ƙasa-ƙasa. Ni ne magatakardan magoya baya, ban san da wane baki zan kare shi ba, kuma ina tsoron inda maganar za ta kai.

Gida lafiya lau. Irin albasa ya yi kyau bana, mun shiga dashe. Ashiru ke riƙe da lambu, ni aikin bukukuwa ya ɗaure ni a shago. Ka rubuto mini abin da ka gani game da tsarin nan, don kai ka san ƙungiyar nan fiye da kowa.

Ka huta lafiya.
Ɗanka,
Haliru Tela.

Bodinga,
Lahadi, 26 ga Nuwamba.

Kawu Maniru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina fata ka tashi lafiya da iyali, kuma gwiwar ta yi sauƙi. Takardarka ta iso, na gode. Amma haba Kawu! Na cika maka shafi biyu, ka aiko mini da layi huɗu da tambaya biyu. Ko kalma ɗaya ba ka ce a kan mutum uku a baya ba.

To bari in amsa. Ka tambayi a wane minti ake cin mu. Na duba littafina, cikin ƙwallaye tara da suka shiga ragarmu, takwas bayan minti sittin ne. Awo, tara, don mun ƙara buga biyu. Ɗaliban nan na cikin Sokoto sun zo har gida, muka fara ci, suka tafi da biyu da ɗaya. Jiya kuma mun riƙe babu ci har minti sittin da biyar, sannan aka ba mu biyu da nema. Wasa huɗu, maki ɗaya, mu ne na goma cikin ƙungiya goma. Yanzu in na je kasuwa sai mutanen Dingyadi su yi mini ta'aziyya, su ce Allah ya ji ƙan Zarata.

Majalisa ta rabu biyu. Masu cewa Faruk ya koma huɗu a baya kamar zamaninka, da masu cewa tsarin ba shi da laifi, mutanen ne ba su dace da shi ba. Na biyun sun fi yawa, don kowa ya ga zagayen farko da idonsa. Alhaji Hassan da ya fara sukar tsarin, yanzu ya koma cewa da a ce akwai mai sauri a lamba biyar da mun ci duka huɗun. Faruk kansa ya rame. Ya ƙara musu gudu a atisaye, kullum da yamma sai sun zagaya fili goma, wai numfashi ne ba su da shi.

Wasan gida na satin da ya wuce, Kawu, mutanenmu da bakinsu suka riƙa ihu a fidda biyar, a fidda biyar. Ina tsaye cikinsu da ganga a kafaɗa. Ban yi ihun ba, amma ban hana kowa ba. Da muka koma gida raina a ɓace yake, na kira Ashiru zaure na wanke shi tas. Na ce waya ce ta cinye masa ƙarfi, ko kuwa wata yarinya ce ta shiga kansa, ya gaya mini gaskiya. Na ce ya zubar mini da mutunci a gaban mutanen da nake zama da su. Ya durƙusa kansa a ƙasa har na gama, abin da ya ce kawai in yi haƙuri, in sha Allahu zai gyara. Da ya yi mini musu da na fi jin sauƙi. Matata Nusaiba ta ce shekaranjiya ta iske shi yana gyangyaɗi da lomar tuwo a hannu tun kafin isha'i, na ce mata lalaci ke nan da nake faɗa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Ka tuna takardar shawara, wadda magoya baya ke da ikon miƙa wa koci sau ɗaya a shekara, kuma ba a taɓa samun kocin da ya ƙi ta ba? Majalisa ta yanke cewa in aka ci mu ranar Asabar mai zuwa, za a rubuta sunayen waɗanda za a ajiye. Ka san wanda ke rubuta ta, magatakarda. Ka kuma san sunan da zai fara fitowa. Tun jiya ko abinci ba ya yi mini daɗi, na ɗinka wa wani hannun riga a baibai sai da na warware.

Tambayarka ta biyu kuwa, wai wa ke ban-ruwa kuma wace rana, ban ga abin da ya haɗa ta da zancenmu ba, amma ga amsa. Gida biyar muke karɓa-karɓar inji, namu layin ranar Asabar ne. Ashiru ke yi. Ni da kaina nake ce masa ya fita da an sallame asuba, ya haɗa aikin yinin duka ya gama kafin azahar don kada ya makara fili. Ka ga ni ba na cikin yayyen da ke hana ƙannensu ƙwallo saboda gona.

Ka sa mu cikin addu'a ranar Asabar. Inna da Nusaiba suna gaisuwa.

Ɗanka,
Haliru.

Bodinga,
Laraba, 6 ga Disamba.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya da mutanen gida. Ka yi mini haƙuri da gajeriyar gaisuwa, hankalina ba a kwance yake ba. Don Allah kafin komai, Ashiru yana wurinka? Ka ba direba amsa yau ɗin nan, ko da baki ne.

An ci mu ranar Asabar, biyu da ɗaya. Mu muka fara ci kamar kullum. Ta biyun ta shiga a minti tamanin da huɗu, kuma ba wanda ya taɓa Ashiru, yana cikin bin mutum jijiya ta riƙe masa ƙafa ya faɗi shi kaɗai. Sai da aka kama shi zuwa mota. A hanya ba wanda ya yi masa sannu.

Ranar Lahadi bayan la'asar majalisa ta cika, mutum ya fi arba'in. Ba a daɗe ana magana ba, sunaye uku aka tsayar, nasa ne na farko. In faɗa maka gaskiya, Alhaji Hassan ya yi mini kara, ya ce a ba wani ya rubuta tunda abin ya shafi gidana. Ni ne na ƙi. Na ga idanu a kaina, na ce kada gobe a ce Haliru yana sukar 'ya'yan wasu yana ɓoye nasa. Na ɗauki biro na rubuta Ashiru da manyan baƙaƙe, har ina jin ana cewa madalla, haka ake son magatakarda. A lokacin har wani daɗi na ji, Allah na tuba.

Faruk ya ce shi bai so ba, ya ce har yanzu bai ga mai karanta wasa kamar Ashiru ba, amma ba zai zama kocin farko da ya mayar da takardar shawara ba. Ranar Litinin a wurin atisaye ya nuna musu ita. Ashiru ya san rubutuna, ni na koya masa riƙe fensir. An ce ya daɗe yana duba ta, sannan ya miƙa ta, ya gode wa koci, ya ɗauki takalmansa.

Jiya ya je lambu ya yi cira, ya dawo ya jingine fartanya bayan ƙofa, ya ce wa Inna zai je gaishe ka. Sai da Nusaiba ta shiga sharar ɗakinsa ta ga babu jakarsa, babu takalman ƙwallo. Na kira shi ya fi sau goma, wayar tana ringin ba ya ɗauka. Inna kuwa tun jiya in na gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango. Ta ce ita ba ta san ƙwallo ba, amma ba ta taɓa jin inda wa ya rubuta sunan ƙanensa ya miƙa wa mutane ba.

Ni har yanzu ina ganin ƙungiya ta fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma wasansa ya lalace, wannan ba ƙarya ba ce. Amma in ya zamana ba ya Shagari, ban san inda zan sa kaina ba. Abokansa biyu sun tafi kudu watan jiya, ina tsoron kada ya bi su.

Ina jiran amsarka.

Ɗanka,
Haliru.

Bodinga,
Lahadi, 10 ga Disamba.

Zuwa ga Kawu Maniru,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ta girmamawa gare ka da iyali, da fatan kowa lafiya. Na gode da ka sanar da ni Ashiru yana gidanka, ranar nan Inna ta ci abinci. Amma maganar da ka ƙara, cewa kocin Garkuwar Shagari ya zo wurinsa har sau biyu, ita ta maye gurbin wancan tsoron. Ka yi haƙuri da rubutun nan, yatsuna ne ba sa riƙe biro da kyau, za ka ji dalili.

Jiya layinmu ne na inji, kuma babu Ashiru, dole na rufe shago na tafi da kaina. Rabona da lambu tun rasuwar Baba. Kawu, ɗauko injin kawai daga lambun maƙwabta zuwa bakin rijiya sai da na ajiye shi sau uku. Fangalin albasa arba'in da shida gare mu, kowanne sai an cika shi da ruwa. Ka ja mesa, ka buɗe wa ruwa hanya da fartanya, ka toshe wancan, ka ruga ka buɗe na gaba kafin ruwan ya ɓalle, ƙafarka cikin taɓo har idon sawu. Ga sauran dashe da ke jira, shi kuma a duƙe ake yin sa. Kafin hantsi bayana ya ƙi miƙewa.

Da na ɗago in huta sai na duba fadamar. Ga lamba takwas can yana ɗauke da inji a kafaɗa. Ga golanmu a duƙe yana dashe. Ga lamba bakwai, ga kyaftin. Na ƙirga, bakwai cikin sha ɗayan da za su shiga fili da la'asar suna nan cikin taɓo, kuma kowa sauri yake yi kamar ana kora tai. Lamba takwas ƙanen Alhaji Hassan ne, a lambun Alhajin yake. Na tambaye shi saurin mene ne haka, ya ce Alhaji ya ce ya haɗa aikin yini ya gama kafin azahar don kada ya makara fili. Maganata ce, Kawu, ko wasali bai canja ba. Sai na zauna a kan kunyar lambu.

Abin da Ashiru ke gamawa kafin azahar, ni ban gama shi ba sai da aka kira la'asar. Na ja ƙafa zuwa fili, na rataya ganga, hannuna ya kasa ɗaga gula. Na nemi dutse na zauna. A nan na kalli wasan, ba ƙwallo nake kallo ba, ƙafafunsu. Mun fara ci. Wajen minti hamsin da biyar na ga lamba takwas ya fara dafa gwiwa, na san abin da ke tafe. Sun ci mu a sittin da uku, suka ƙara a saba'in da tara. Babu Ashiru a fili, kuma ta wurin nan nasa aka bi, wanda aka sa a madadinsa ko ƙurar mutum bai gani ba.

Yanzu na gane tambayarka, kuma na ji kunya. A zamaninka ana fara gasa an gama dashe, kuma duk da haka kana sa su zauna baya su bar ƙwallo ta yi gudu. Sauran ƙungiyoyi ma manoma ne, amma su tafiya suke yi a zagayen farko suna jiran mu ƙone. Mu ne muka ɗauki mutanen da suka yi aikin yini a rabin yini, muka ce su yi ta gudu minti casa'in, sannan muka tsaya a bakin fili da cikinmu a cike muna yi musu ihu. Kuma wanda ke tsakiyar baya shi duk kuskure ke ƙarewa a kansa.

Da safiyar yau na sami Faruk. Shi ɗan boko ne, bai taɓa riƙe mesa ba. Ya riƙe baki, ya ce me ya sa ba wanda ya gaya masa, har yana ƙara musu zagaye goma. Na ce wane ne cikinsu zai tsaya gaban mutane ya ce aikin ubansa ko na wansa ya fi ƙarfinsa? Daga nan na tafi majalisa. Alhaji Hassan ya taso mini, wai su a zamaninsu daga gona suke wucewa filin kokawa. Na ce kokawa minti nawa ce, Alhaji? Na buɗe musu tafin hannuna suka ga yadda ya yi ƙulu-ƙulu da ruwa. An yi ta gardama har azahar, amma an tsaya a kan cewa daga Asabar mai zuwa magoya baya za su yi gayya, mu za mu shiga fadama, 'yan wasa su kwanta. Faruk ya ce takardar shawarar nan a yaga ta, wurin Ashiru yana nan.

Kawu, ranar Alhamis ake rufe canjin 'yan wasa. In ya sa hannu a Shagari shi ke nan sai baɗi, in ma ya so dawowa. Don girman Allah ka riƙe mini shi kwana huɗun nan. Ka ba shi wagga takarda ya karanta, tunda ba ya ɗaukar wayata. Na so in zo da kaina, ka ce in dakata zuciyarsa ta sauka, na dakata, amma zaman nan yana cina.

Ɗanka mai neman taimakonka,
Haliru.

Bodinga,
Talata, 19 ga Disamba.

Zuwa ga ƙanena Ashiru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya, kuma ƙafar nan ta saki. Ka gaishe mini da Kawu da mutanen gida. Inna tana lafiya, kullum sai ta tambayi direba ko ya gan ka, ko ka rame. Nusaiba ma tana gaishe ka.

Kawu ya rubuto mini cewa ka karanta takardata, ka ninke ta ka mayar masa, kuma ranar Laraba ka sa hannu a Garkuwar Shagari. Ya ce bai hana ka ba, don bai ga da wane dalili zai hana ka ba. Na yi kwana biyu ina jin haushinsa, daga baya na ga ni ma ban da dalilin.

Bari in ba ka labarin gida, na san kana son ji ko ba ka tambaya ba. Mun yi gayyar ranar Asabar, mutum talatin da ɗaya. Alhaji Hassan ya zo da babbar riga, wai shi zai duba aiki ne, santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas cikin hanyar ruwa, sai da mutum biyu suka ciro shi. Mu talatin ɗin nan da ƙyar muka gama abin da 'yan wasa bakwai suke yi. Da la'asar filin shiru kamar ana jana'iza, ba mai ƙarfin ihu, kowa ya dafe ƙugu. Faruk ya ɗan ja 'yan baya kusa da gola, ya rage matsin zuwa lokaci-lokaci. Mun ci ɗaya a zagayen farko, kuma da minti sittin ya yi na rufe ido ina jira. Ba abin da ya faru. Aka tashi ɗaya da nema, nasararmu ta farko bana. Mutane suna rungumar juna, ni kuwa wurin lamba biyar nake kallo, wani ne a ciki. Ban taɓa jin nasara mai ɗaci irin wannan ba.

Yanzu a majalisa kowa cewa yake ai shi dama ya san ba laifinka ba ne. Har waɗanda suka fi kowa ɗaga murya. Ba na tanka musu, don su baki suka sa, ni hannu na sa. Kuma su ba su san ƙarfe nawa kake fita ba, ni nake tada ka. Ba wanda ya tilasta ni, an ma ba ni hanyar kaucewa na ƙi, saboda ina son a ce Haliru mai gaskiya ne. Na kira ka malalaci a zauren Baba kana durƙushe, hannunka duk kanta. Ka yafe mini, Ashiru. Ba don ka dawo nake faɗa ba, na san wannan ta wuce bana.

Ka ga jadawali, ranar Asabar mu ne baƙinku a Shagari. Zan zo, ganga a kafaɗa, zan tsaya cikin mutanen Bodinga don nan ne wurina. Amma ka ji ni da kyau, kada ka sassauta wa kowa saboda ni ko saboda Inna. Ka kwanta ka yi barcinka ranar da safe, ka ci ka ƙoshi, ka shiga ka buga casa'in ɗinka cif, mutanen nan da suka yi maka ihu su ga lamba biyar ɗin da suka kora. In ka tsere wa ɗan gabanmu a minti tamanin ka ƙwace ƙwallo, kada ka duba wajenmu, don ban san abin da fuskata za ta yi ba.

Lambu yana hannuna, albasa ta kama, rabonka yana nan ba mai taɓa shi. In an tashi wasa zan biya gidan Kawu. In ka ga dama ka fito, in ba ka shirya ba zan gaida Kawu in wuce, ba zan yi fushi ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Sati biyar kana dawowa daga fadama, ina kan keke, in ce maka ina gajiya ba tare da na ɗago ba, ka ce ba gajiya, in ci gaba da ɗinkina. In mun haɗu zan sake tambayar ka, ina kallon idonka. Don Allah wannan karon ka gaya mini gaskiya.

Ka huta lafiya, Allah ya tsare.

Wanka,
Haliru.